Ɗaurin da Ya Ƙi Tsinkewa

Shekara talatin da takwas Arlis Tackett ya yi yana walda, kuma duk faɗin gundumarsu ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya ɓalle ba. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, ba shi da wani. Mata ta bar shi tun da daɗewa, ɗa babu, jika babu. Amma in ka ga ƙofar shingen shanu da ta shekara ashirin ba ta karkace ba, ko tirelar da ta fi motar da ke jan ta daɗewa, kada ma ka tambaya, hannun Arlis ne. Mutum ne da in ka ce ya kafa maka ƙusa ɗaya, sai ya kafa uku, ya kuma harare ka don ka ce ɗaya. Hali zanen dutse, ritaya ma ba ta kankare masa shi ba.

Ƙaninsa Doyle kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Direban motar 'yan makaranta ne har ya ajiye aiki, ga surutu, ga dariya, ga tsokana. Abu ɗaya ne ya haɗa su, kogin da ke ƙasan madatsar ruwa. Tun suna yawo ba takalmi suke jefa fatsa a cikinsa, kuma shekara goma da suka wuce kowa ya sayi nasa kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, wanda ake kira kayak. Duk Asabar suna kan ruwa, Doyle yana zuba, Arlis yana cewa ya rufe baki kifi na ji.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Doyle a tsakiyar hunturu. Ƙafar hagu ta dawo rabi da rabi, yana jan ta amma ba ya jin ta sosai. Hannun hagu kam ya ƙi sam. Shi kuwa filafilin kayak baki biyu gare shi, hannu biyu yake so. Doyle ya zauna a kujerar falo wata huɗu yana kallon bango, surutun ya ɗauke, har matarsa Verna ta fara tsorata da shirun gidan.

Ita ce ta kira Arlis. Ta tare shi a bakin gareji, ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Ya ga wani inji a jarida," in ji ta. "Ɗan ƙarami, mai aiki da batir, ana maƙala shi a bayan kayak. Wai da hannu ɗaya ake tuƙawa. Ni dai ba na son wannan abin, Arlis, ban ɓoye maka ba. Amma in ya ci gaba da zama a kujerar nan, kujerar ce za ta kashe mini shi."

"To sai a sa masa."

"Tsaya, ban gama ba. Kai za ka fita da shi, kai za ka dawo mini da shi. Ka ji ko?"

"Haba Verna. Tun yana cikin tsumma nake dawo da yaron nan gida."

Yaron da ake magana shekarunsa sittin da biyar. Amma Arlis ya ɗauki maganar kamar an ɗora masa dutse a ka, kuma da wannan nauyin ya shiga aikin.

Kwana tara suka yi a garejin Doyle. Arlis ya yanko ƙarfe ya haɗa wa injin mazauni a bayan kayak, ya ɗaure da noti takwas inda takardar kamfani ta ce huɗu. Ya ƙara wa hannun injin bututu ya lanƙwaso shi daidai damar Doyle. Ya yi wa batir akwati a bayan kujera, batir mai nauyin ɗan maraƙi. Ya yi wa sandar fatsa mariƙi don Doyle ya iya naɗe zare da hannu ɗaya. Doyle na zaune a kan bokiti yana kallo, bakinsa ya fara dawowa.

"Yaya, kwalekwale ne fa, ba tankar yaƙi ba."

"Rufe mini baki, miƙo sufana."

"Da wane hannun? Na aikin yana riƙe da kofi, ɗayan kuwa ya tafi yajin aiki, har yau ba a sasanta ba."

"Ajiye kofin mana, malalaci."

Verna ta jiyo dariyar daga kicin, ta tsaya da wanke-wanke tana saurare. Rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin Kirsimeti.

Saura anka. Mai hannu ɗaya ba zai iya riƙe kayak a cikin ruwa mai gudu kuma ya yi fatsa ba, dole sai da abin da zai kafe shi wuri ɗaya. Doyle ya so a sayo ta kanti, mai ƙugiyoyin da ke naɗewa. Arlis ya ɗaga irinta a kanti, ya jujjuya, ya ajiye yana tsaki, ya ce wannan ai abin wasan yara ne. Ya koma gida ya ƙera tasa da rodi, ƙugiya huɗu, ya yi mata ido biyu yadda Doyle ya nace, ɗaya a kai ɗaya a gindi. Ya bi da igiyarta ta wani zobe a bayan kayak, ta dawo daidai hannun dama, don duk ɗan kogin nan ya san ba a kafa anka ta gefe. Ruwa na bugun cikin kwalekwale sai ya kife shi.

Ranar Juma'a da yamma aka ɗora ankar a kan teburin kicin, tsakanin tukunyar wake da burodin masara. Doyle ya ɗaura igiya a idon gindi, wajen ƙugiyoyi, yana taimakon hannunsa da haƙori. Sannan ya miƙe igiyar a jikin sandar ankar zuwa idon sama, ya ce wa Verna ta miƙo ledar da ke kan firji. Irin siraran robobin nan ne masu haƙora da ake zargewa a ɗaure wayoyin lantarki, mafi ƙanƙanta a cikinsu.

"Zarga mini guda ɗaya a nan, masoyiya. Ɗaya tak. Ki haɗa igiyar da idon."

Verna ta sa tabarau ta zarga, ta ja har ta kama.

"Wannan zaren ne zai riƙe ka?" in ji Arlis.

"Zai riƙe ni ina zaune. Haka duk masu kayak ke yi a kogin nan yanzu, kai ne ba ka saurarar kowa. Ƙasan ruwan nan duk tsagar dutse ce. In anka ta maƙale, sai in haura sama da ita da inji in fizga. Robar ta tsinke, igiya ta koma jan ta ta gindi, ƙugiyoyi su zare da baya. Shi ke nan, na tafi abina."

"Wato an yi shi ne don ya tsinke."

"Yawwa, ka gane."

"Ni tun da nake ban taɓa ɗaura abu don ya tsinke ba."

"Shi ya sa Allah bai ba ka wannan aikin ba, ya ba Verna," in ji Doyle. Ya ɗaga hannun matarsa sama kamar ta ci dambe. "Ga injiniya!"

Suka yi dariya su biyu. Arlis bai yi ba. Ya ci wakensa yana kallon robar, siririya kamar tsinken tsintsiya, kuma abin da yake gani daban ne. Yana ganin ta tsinke da kanta a tsakiyar ruwa, anka ta saki, kogi ya kwashi ƙaninsa mai hannu ɗaya ya nufi duwatsun ƙasa da shi. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, amma Arlis ba mutumin da zai buɗe baki ya ce yana jin tsoro ba ne.

Da safe ya zo da a-kori-kurarsa. Doyle na ciki Verna tana sa masa takalmi. Arlis ya ɗora kayak biyu a baya, ya ɗaure, ya ɗauko ankar zai sa. Ya tsaya. Ya waiwaya ƙofar gida, ba kowa. Ya zaro filaya daga aljihu, ya datse robar, ƙit. Ya yanko wayar shinge daga akwatin kayan aikinsa, ya haɗa igiyar da idon, ya murɗa sau shida, ya lanƙwashe bakin don kada ta soki hannu. Guntun robar bai yar a ƙasa ba, don shi ba ya zubar da shara a ƙofar gidan mutane, sai ya jefa a mazubin tokar sigari na mota. Ya cusa ankar cikin jakarta ya zuge. A ransa ya ce ai in ta maƙale sai a yanke igiya, me aka yi aka yi anka, ya ƙera wata. Hankalinsa ya kwanta, har ya yi fito.

Verna ta rako su da ƙunshin biskit da soyayyen naman alade. Ta duba rigar ruwan Doyle mai hana nutsewa, ja mai haske, ta ƙara matse maɗaurinta.

"Ƙarfe uku," in ji ta.

"Ƙarfe uku yana zaune a teburinki yana miki ƙaryar kifin da ya kuɓuce," in ji Arlis.

Kogin nan fuska biyu gare shi. In madatsa ta rufe, ruwan garai-garai ne, mai sanyin ƙanƙara, wani wurin iyakarsa gwiwa, wani wurin ya shanye mutum. In za a saki ruwa don ba da wutar lantarki, sai a busa jiniya, kuma mai hankali yana jin ta yake nufar gaɓa. Tsofaffin masunta ba jiniyar kaɗai suke dogara da ita ba, suna sa ido a kan wani dutse mai kama da sirdi a tsakiyar ruwa. Muddin kana ganin bayansa kana da sauran lokaci. In ya nutse, to kogin ya zama wani abu dabam.

Injin ya yi aiki kamar mafarki. Doyle ya murɗa hannunsa, farfela ta juya ba ƙara, kayak ya tsaga ruwa ya haura, ya bar Arlis a baya yana fama da filafili.

"Tsoho, in ɗaure ka a baya in ja ka?"

"Za ka ci ubanka," in ji Arlis yana haki, yana ɓoye murmushi.

"Uban namu ɗaya ne, ka yi a hankali!"

A ramin da ke sama da dutsen sirdi Doyle ya saki anka. Ta kama nan take, kayak ya tsaya cak, hancinsa na kallon ƙasan kogi. Jifa na uku sanda ta lanƙwashe. Ya naɗe zare da hannu ɗaya, yana ihu, yana kiran kifin da sunaye, har ya jawo shi gefe. Kifi ne mai tsawon kamu biyu, jikinsa da ɗigo-ɗigo. Doyle ya dube shi, sai ga hawaye, bai ma damu ya share ba.

"Na zaci na gama, Yaya. Wallahi na zaci na gama."

Arlis ya cire masa ƙugiya, ya ce masa ya daina shirme. Amma daɗi ya cika shi har wuya. Don ya ba ƙaninsa fili, kuma don kada a ga idonsa, sai ya bar ruwa ya gangara da shi zuwa rami na gaba, nisan filin ƙwallo ɗaya a ƙasa.

Ranar ta yi zafi da wuri, gari duka an kunna na'urar sanyi, ana neman wuta. Sha ɗaya da 'yan mintoci jiniya ta tashi.

Arlis ya naɗe zarensa ya ɗago kai. Doyle ya ɗaga masa hannu, alamar ya ji. Arlis ya ga ya kwance igiyar anka daga maɗaurinta ya ja. Ba ta taso ba. Ya sake ja, kayak ne ya matsa baya, anka tana nan.

"Ta maƙale!" Doyle ya ƙwala, muryarsa ba damuwa. "Tsaya ka ga aikin injiniya!"

Ya kunna inji ya yi kwana ya haura sama da ankar. Igiya ta yi sako-sako, ya riƙa jawo rarar yana tarawa a ƙafafunsa, yana danne hannun injin da gwiwar hannu. Da ya wuce ta, ya naɗe igiyar a maɗauri, ya ba inji wuta. Igiya ta miƙe ta yi tsam. Bayan kayak, inda batir da ƙarfen Arlis suke, ya dulmiya har ruwa ya hau. Ba abin da ya tsinke.

Arlis ya san dalili, shi kaɗai a duniya ya sani. Maganar tana bakinsa, waya ce, na sa waya, yanke igiyar. Amma sai ya hango fuskar Doyle in ya ji, da tsokanar da za a yi masa har ya mutu, da idon Verna. Ya ce a ransa bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya, wataƙila ƙugiyar ta zame da kanta. Ya yi shiru. Ya dubi dutsen sirdi, ruwa ya kai rabinsa.

Doyle ya sassauta, ruwa ya dawo da shi, ya sake haurawa, ya sake tara igiya a ƙafa, ya sake fizga. Wasu masunta biyu da suka riga suka fita gaɓa suka tsaya suna kallo.

"Robar Verna ta ƙi tsinkewa!" Doyle ya ƙwala. Yanzu dariyar ta ragu a muryarsa. "Me ta ɗaura mini ne, matar nan?"

Karo na biyu ke nan Arlis ya yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, bai fi a ja numfashi biyar ba. Sai ganyaye da ƙirare suka fara wucewa ta gefensa da gudu, ruwan ya sauya launi, ƙararsa ta cika kwarin. Ya waiwaya, babu dutsen sirdi.

"Waya ce!" Ya buɗe murya iya ƙarfinsa. "Doyle! Waya na sa! Yanke igiyar! Yanke!"

Ruwa ya haɗiye rabin maganar. Doyle ya ga dai yayansa yana nuna yanka da hannu, ya gane. Wuƙa tana rataye a ƙirjin rigarsa. Amma hannu ɗaya gare shi, kuma hannun yana kan injin da ke riƙe hancin kayak a kan ruwa. Ya dubi wuƙar, ya dubi hannun. Ya saki inji ya kai hannu ƙirji.

Kayak ya juya ya ba ruwa gefe. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ya kife.

Arlis ya ga jar rigar ta taso, kan Doyle a sama, bakinsa a buɗe. Ruwa ya tafi da shi taku goma, rigar tana riƙe da shi yadda aka yi ta ta yi. Sai ya tsaya cak a tsakiyar kogi kamar an kama shi. Igiyar da ya tara ce ta naɗe ƙafar hagu, ƙafar da ba ya ji. Ɗaya bakin igiyar yana jikin anka, anka tana cikin dutse. Ruwa ya bi ta kansa ya danne.

Arlis ya tuƙa har kafaɗunsa suka yi kamar za su ɓalle, bai ci gaba da taku ɗaya ba, baya ma yake yi. Ya karkata ya faɗa gaɓa, ya bar kayak ɗinsa ya tafi, ya bi duwatsu da gudu, yana faɗuwa yana tashi, mutum mai shekara sittin da tara. Da ya zo sama da wurin ya faɗa ruwa da wuƙa a hannu. Sanyi ya ɗauke masa numfashi. Kogi ya wuce da shi ta gefen ƙaninsa, tazarar da ba ta fi tsawon sandar fatsa ba. Ya ga jar rigar a ƙarƙashin ruwa, bai fi kamu ɗaya tsakaninta da iska ba, hannun dama yana motsi. Ya miƙa hannu bai kai ba. Masuntan nan biyu ne suka tsamo shi can ƙasa, suka danne shi a kan tsakuwa don kada ya koma, yana ta kiran sunan Doyle har muryarsa ta dishe.

Ɗayansu ya buga waya, aka rufe madatsa. Kafin ruwa ya janye an yi minti arba'in.

Ƙarfe uku ta yi Arlis yana tsaye a ƙofar Verna, jikinsa a naɗe da bargon 'yan agaji, fasto a gefensa. Ta buɗe ƙofa ta dube shi, ta leƙa bayansa ta dubi motar. Ta zauna a nan bakin ƙofa, a ƙasa.

Washegari Harlan Pruitt, shugaban 'yan agajin garin, ya tsaya da motarsa a gidan Arlis. Tare suka yi makaranta. Ya sauko da ankar, da guntun igiya a jikinta, ya ajiye a kan teburin walda.

"Mu uku muka ja, ko gezau," in ji shi. "Sai da muka sa sandar ƙarfe muka ɓanɓare dutsen. Ko ƙugiya ɗaya ba ta lanƙwashe ba."

Harlan ya ɗora yatsa a kan wayar, murɗi shida, tsaf, baki a lanƙwashe. Duk garin an san wannan murɗin. Ya daɗe yana kallonta.

"A takarda na rubuta tsautsayi," in ji shi. "Ban nuna wa kowa wannan ba, kuma ba zan nuna ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Arlis. Ka jefa ta a tarin ƙarafa ka manta."

Arlis ya sa ankar a bayan kujerar motarsa ya rufe da buhu. Aka yi jana'iza ranar Laraba. Mutane suka riƙa riƙe masa hannu suna cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, ai har ruwa ya faɗa. Kowace kalma kamar ana zuba masa narkakken ƙarfe a kunne. Ya ƙi jinin kansa, amma bakinsa ya kasa buɗewa.

Ranar Juma'a da hantsi ya je gyara wa Verna famfon da ke ɗiga, don ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ya shiga. Kicin cike da kwanukan abincin da matan coci suka kawo, ba a buɗe ko ɗaya ba. Verna tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar tebur, da tabarau a fuska, da guntun igiyar shanya a hannu. Ledar robobin nan tana gefenta, saura kaɗan ta ƙare. Ƙasa duk guntayen roba ne. Ta zarga wata ta haɗa igiyar da ƙafar tebur, ta naɗe igiyar a hannu ta fizga. Ƙit, ta tsinke. Tafin hannunta duk ya yayyanke.

"Verna, me kike yi haka?"

"Kowacce na ja sai ta tsinke," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ni ma da nake tsohuwa ina tsinka ta. To me ya sa waccan ta ƙi? Matar ɗaya daga cikin masuntan nan ta gaya mini abin da ya faɗa. Robar Verna ta ƙi tsinkewa. Maganarsa ta ƙarshe ke nan, Arlis, da sunana a ciki." Ta zaro wata robar. "Kana wurin. Ɗaya na zarga ko biyu? Ko akwai mai kauri a cikin ledar na ɗauka ban lura ba? Na yi ta tunani na kasa tunawa. Ka gaya mini gaskiya, ni na kashe shi?"

Da ya ce mata a'a, tsautsayi ne, da ta ci gaba da zama a ƙasan nan har ledar ta ƙare ta sayo wata. Arlis ya ga haka sarai. Ita kaɗai ta rage masa a duniya da zai kira dangi, kuma ya san abin da zai rasa. Ya juya ya fita zuwa mota. Ya yaye buhu ya ɗauko ankar, ya buɗe mazubin toka ya ɗauko guntun robar. Ya dawo ya ture kwanuka, ya ajiye su biyun a kan tebur, daidai inda aka ɗaura ta.

"Ga taki," in ji shi. "Ɗaya kika zarga, kuma daidai kika yi. Ni na datse ta da safe kuna ciki. Na ga kamar ba za ta riƙe shi ba."

Verna ta dafa kujera ta miƙe. Ta ɗauki guntun robar ta duba bakin, yankan filaya ne, sumul. Ta dubi wayar. Ta bi murɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, jinin hannunta yana shafar ƙarfen.

"Ya yi maka bayani," in ji ta a hankali. "A teburin nan. Ina ji."

"Ya yi."

"Da ta maƙale, ka gaya masa?"

"Daga baya. Ruwa ya riga ya zo, bai ji ba."

"Da ya kira sunana fa? Kana jin sa?"

Arlis ya sunkuyar da kai. "Ina ji. Sau biyu ya gwada, sau biyu na yi shiru. Kunya na ji."

"Kunya," in ji Verna.

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dunƙule guntun robar a hannunta ta kai ƙirji, ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda rabonta da shi tun Asabar. Sannan ta cire tabarau ta dube shi ido cikin ido.

"Kwana shida ka bar ni da wannan. Ɗauki ƙarfenka ka fita, Arlis. Famfon ma bar shi ya ɗiga."

Ya ɗauki ankar da hannu biyu. A bakin ƙofa ya tsaya ko za ta ƙara cewa wani abu, sai ya ji ƙarar tsintsiya, ta fara share guntayen roba. Ya sauka matakala, ya bi ta gefen garejin da bokitin Doyle ke nan a kife inda ya bar shi. Ya tura ƙofar shinge da gwiwa ya fita. Shi ya yi musu ƙofar shekarar da suka sayi gidan, kuma har yau ba ta taɓa neman gyara ba. Ta dawo da kanta ta rufe a bayansa, sakata ta faɗa.